Gajeren fim na kammala karatu: kuɗinmu kaɗan ne, a ina ya kamata mu zuba su?

Ɗalibar Shekarar Ƙarshe ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da malamai da yayyena da ke wannan zaure. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin fim da talabijin, kuma mu huɗu aka haɗa a rukuni ɗaya domin mu shirya gajeren fim a matsayin aikinmu na kammala karatu. Sharaɗin da aka gindaya mana shi ne kada fim ɗin ya wuce minti goma, kuma saura mako shida mu miƙa shi. Abin da ke hannunmu shi ne ɗan karo-karon da muka yi tsakaninmu, wanda idan aka ɗauki hayar kyamara mai kyau ta kwana uku, da kyar za a samu ragowar da za ta ishe mu kuɗin mota.

Ni na rubuta labarin. Wani saurayi ne aka sallama daga jami'a, ya ɓoye wa iyayensa, ya ci gaba da shiryawa kowace safiya yana fita da jakarsa kamar mai zuwa aji, har ranar da ƙanwarsa ta tsinci takardar sallamar a cikin wani tsohon littafinsa. Rubutun ya kai shafi 17, da 'yan wasa tara da wurare shida, ciki har da tashar mota mai cunkoso da kuma wata fitowa ta dare inda yake tafiya shi kaɗai a bakin titi ruwan sama na dukansa. Wannan fitowar ita ce na fi so a duk labarin.

Saɓanin da ke tsakaninmu shi ne, wanda zai riƙe mana kyamara ya dage cewa a kashe mafi yawan kuɗin wajen hayar kyamara, domin a cewarsa malaman da za su duba aikin za su gane hoton waya tun daga daƙiƙar farko, su raina mu. Ni kuma ina ganin wayar ɗaya daga cikinmu tana ɗaukar hoto mai kyau, amma ba ni da hujjar da zan kafa masa, kuma ba na son a ce na hana ne don ni ce darakta. Sauran biyun sun ce duk abin da muka yanke sun yarda, wanda bai taimaka wa kowa ba.

Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin wannan aiki su ba mu shawara: a ina ya fi dacewa mu zuba kuɗin, kuma kwana nawa za mu ware wa ɗauka, nawa za mu bar wa tacewa? Na gode.

Mai Riƙe Sanda ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta bayaninki sau biyu ina neman inda kika ambaci sauti, ban gani ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali fiye da gardamar kyamara. Ku huɗu ne, akwai darakta, akwai mai kyamara, to wane ne zai sa hedifon a kunne ya saurari abin da ake naɗa? Idan amsar ita ce babu, to matsalarku ta farko ke nan. Ana cewa gani ya kori ji, amma a fim mummunan ji shi ne yake korar mai gani. Mutum zai iya jure hoto mai ɗan duhu na minti goma idan labarin ya kama shi, amma ba zai jure minti biyu yana ƙoƙarin fahimtar abin da jarumi yake faɗa ba.

Zan ba ki labarin abin da ya same mu a fim ɗinmu na makaranta. Mun samu kyamara mai kyau, muka ɗaura makirufo a kanta, muka ɗauki muhimmiyar fitowarmu a wani falo mai daɓen tayil wanda babu labule a tagoginsa. A wurin komai ya yi daidai, har muna tafa wa jarumar saboda hawayen da ta zubar na gaske ne. Da muka zauna tacewa sai muka ji muryarta kamar daga cikin rijiya take fitowa, kuma a ƙarƙashin kowace kalma akwai gurnanin firijin da ke bayan ƙofa, wanda babu ɗayanmu da ya lura da shi, domin kunnen ɗan Adam yana watsar da ƙarar da ya saba da ita, makirufo kuwa ba ya watsar da komai. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne firijin yana tashi yana tsayawa, saboda haka idan aka yanka daga fuskarta zuwa fuskar abokin wasanta, gurnanin yana ɓacewa ya dawo. Muka kira ta ta sake maimaita maganganun a ɗaki shiru, amma kukan da ta yi ranar bai sake zuwa ba, kuma leɓenta da muryarta ba su taɓa haɗuwa daidai ba.

Darasin da ke ciki na lissafi ne, ba na tsadar kaya ba. Duk lokacin da aka rage tazarar da ke tsakanin baki da makirufo zuwa rabi, ƙarfin muryar yana ƙaruwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali ƙarar ɗakin tana nan yadda take. Don haka makirufo mai araha da ke kusa da baki ya fi mai tsada da ke can kan kyamara, taku huɗu daga mai magana. Hanyoyi biyu ne gare ku. Ko dai ku samu ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga guda biyu, kowanne a haɗa shi da wata waya da za ta zauna a aljihun ɗan wasa tana naɗa, ko kuma ku yi hayar makirufo mai dogon baki da ƙaramar na'urar naɗar sauti, a ɗaura shi a kan sanda, mutum ɗaya ya riƙe ta sama da kan 'yan wasa, bakin makirufon na kallon ƙirjin mai magana, a sauko da shi har ya kusa shiga hoto sannan a ɗan ɗaga. Ni na fi son hanya ta biyu, domin na riga yana kama gogar tufafi idan ba a manne shi da filasta da kyau ba, amma tana buƙatar mutum mai ƙarfin hannu da haƙuri. Sandar ma ba sai an saya ba, doguwar sandar fenti tana yi.

Ku naɗa sautin a tsarin fayil na WAV, a kan kilohaz 48, wanda shi ne ma'aunin da ake amfani da shi a bidiyo, kuma ku saita ƙarfi ta yadda magana mafi ƙarfi za ta tsaya wajen ƙasa da sifili da desibel 12 a ma'aunin na'urar, inda sifili ne ƙololuwa, saboda sautin da ya bugi sifili ya fashe, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi yadda yake. A farkon kowace ɗauka wani ya tsaya gaban kyamara ya faɗi lambar fitowa da lambar ɗauka, sannan ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi. Wannan tafin ne mai tacewa zai bi ya daidaita hoto da sauti. Kafin ku bar kowane wuri, kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin, domin kowane ɗaki yana da irin nasa shirun, kuma da shi ake cike giɓin da ke tsakanin maganganu. Ku kashe fanka da firiji, ku rataya barguna a bangon da kyamara ba ta gani, ku shimfiɗa darduma a ƙasa. Idan kun kashe firijin mutane, ku ajiye makullin motarku ko wayar darakta a cikinsa, don kada ku tafi ku manta ba ku kunna ba. Wannan tsohuwar dabara ce ta masu sauti, kuma ta ceci zumunci da yawa.

Game da abokinku mai kyamara, ki gaya masa cewa fim ɗin Tangerine na Sean Baker, wanda aka fara nunawa a bikin fina-finai na Sundance a Amurka a 2015, da wayoyin iPhone 5s aka ɗauke shi, amma sautinsa ba a wayar aka naɗa ba, da kayan sauti na ƙwararru aka yi. Su ma da suka rage kuɗi a hoto, ba su taɓa na sauti ba.

Malama Mai Jan Biro ta rubuta:

'Yata, na yarda da duk abin da mai sanda ya faɗa, amma ina ganin akwai abin da ya riga sauti, wato takardun da ke hannunki. A tsarin rubutun fim da aka saba da shi, shafi ɗaya yana ba da kimanin minti ɗaya a allo. Ke kina da shafi 17 kuma an ba ki minti goma, ma'ana tun kafin a kunna kyamara kin san cewa kusan kashi biyu cikin biyar na abin da za ku ɗauka a kwandon shara zai ƙare, bayan kun biya masa kuɗin mota da abincin ma'aikata da gajiyar mutane. Yankan da ake yi da biro kyauta ne. Yankan da ake yi a kwamfuta kuwa an riga an biya kuɗinsa.

Na daɗe ina duba ayyukan ɗalibai, kuma kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauko labarin da ya dace da dogon fim a matse shi cikin minti goma, sai ya zama kamar tallan wani fim da ba a yi ba: ga iyaye, ga abokai, ga malamin da ya yi sallamar, kowa ya faɗi jimla biyu ya wuce, babu wanda muka zauna da shi har muka damu da shi. Tambayi kanki, a ina labarinki yake numfashi? Ni daga ɗan abin da kika bayyana, yana cikin ɗakin da ƙanwa ta ajiye takarda a gaban yayanta. Mutum biyu ne da sirri ɗaya, kuma kowannensu yana da abin da yake tsoro: shi yana tsoron ta faɗa, ita tana tsoron abin da shirunta zai mayar da ita. Iyayen ba sai mun gan su ba. Muryar uwa daga wani ɗaki tana tambaya ko ya ɗauki kuɗin motarsa ta fi nauyi a kan fuskarta, domin mai kallo zai ji muryar yana kallon idon ɗan da ya san ƙarya yake yi. Da wannan kin rage 'yan wasa daga tara zuwa biyu da murya ɗaya, kin rage wurare daga shida zuwa gida ɗaya da wani benci a waje inda yake zama yana jiran lokacin tashi daga makaranta ya yi.

Yanzu ga maganar da ba za ki so ba. Fitowar ruwan sama da dare ita ce mafi tsada a rubutunki, kuma ina zargin ita ce mafi ƙarancin amfani ga labarin. Dare yana buƙatar fitilu masu ƙarfi da wutar da za ta riƙe su, ruwan sama ba ya fitowa a hoto sai an haska shi daga baya, titi yana buƙatar izini da masu tsare hanya, sannan ɗan wasan da ya jiƙe a ɗauka ta farko sai an jira ya bushe ko a samu kaya iri ɗaya kashi uku kafin a sake. Me take gaya mana? Cewa yana cikin baƙin ciki. Mun riga mun sani. Idan kika nuna shi zaune a benci da rana tsaka, ya buɗe littafin darasin da ba zai sake zama jarrabawarsa ba yana ja wa layuka layi, wannan ya fi ruwan sama ciwo, kuma ba ya cin komai sai minti arba'in na ɗauka. Tashar mota ma haka: jama'a za su riƙa kallon kyamara, ƙarar injuna za ta cinye magana, kuma ba ku da ikon sa kowa ya maimaita abin da ya yi. Ki naɗo ƙarar tashar kawai, ki sa ta a ƙarƙashin hoton fuskarsa. Sama da shekara ɗari da suka wuce, mai shirya fim Lev Kuleshov na Tarayyar Sobiyet ya nuna cewa idan aka haɗa fuska ɗaya da hotuna daban-daban, masu kallo suna karanta mata yanayi daban-daban. Mai kallo yana kammala abin da ba a nuna masa ba, kuma wannan shi ne babban jarin mai ƙaramin kuɗi.

Game da rabon lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Mako na farko na sake rubutu ne, har ya sauko shafi takwas ko tara, domin sunayen ma'aikata a ƙarshe su ma suna cikin minti goman. Mako na biyu na neman 'yan wasa da gwaji ne. Kada ki ɗauki ƙawarki don kawai ƙawarki ce. Ki je wurin ɗaliban wasan kwaikwayo, su ma suna neman abin da za su nuna a matsayin aikinsu, ki sa su karanta fitowar takardar, ki ɗauke su da waya, ki kalla daga baya, domin akwai wanda yake cika ɗaki da kwarjini amma a kyamara ya zama mai wuce gona da iri. A wannan makon ne kuma za ku je gidan a daidai sa'ar da za ku yi ɗauka, ku ga inda rana take faɗowa, ku saurari abin da ke maƙwabtaka. Ki rubuta jerin duk hotunan da kike buƙata, ki jera su bisa inda kyamara za ta tsaya, ba bisa tsarin labari ba, don kada a yi ta ɗaga kaya ana mayarwa. Ɗauka kwana biyu a mako na uku, da kwana ɗaya na ko-ta-kwana. Sauran mako uku na tacewa ne, kuma ba su yi yawa ba.

Ɗalibar Shekarar Ƙarshe ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Yaya mai sanda, na gode Malama. Gaskiya maganar ruwan saman ta yi mini zafi, domin daga wannan hoton ne labarin ya fara zuwa mini, amma da na cire shi na karanta rubutun daga farko, ban ji an rasa komai ba. Yanzu ya sauko shafi 11, kuma ina ganin inda zan ƙara ragewa. Ɗaya daga cikin 'yan rukuninmu ta karɓi aikin sauti, har ta fara gwaji a ɗakinta. Saura abokin namu mai kyamara, wanda ya karanta amsoshinku ya ce bai ƙi ba, amma har yanzu babu wanda ya amsa masa damuwarsa: hoton waya yana rawa, haskensa yana canzawa shi kaɗai, kuma komai yana fitowa tas daga gaba har baya kamar bidiyon biki. Yana tambaya ko akwai maganin wannan.

Mai Kwana Gaban Kwamfuta ya rubuta:

'Yar'uwa, ki gaya wa abokin aikinki cewa damuwarsa tana kan hanya, kuma bai kamata a mayar da shi kamar mai son ɓarnar kuɗi ba. Ni mai tacewa ne, kuma hotunan waya da ake kawo mini sukan zo da cututtuka uku da ya lissafa. Sai dai biyu daga cikinsu ba laifin wayar ba ne, laifin barin ta ta yanke wa kanta hukunci ne.

Waya an ƙera ta ne ta riƙa gyara haske da launi da saitin ido ita kaɗai kowane lokaci. Wannan yana da kyau ga mai ɗaukar yaro yana wasa, amma a fim masifa ce, saboda jaruma tana wucewa ta gaban taga sai duk ɗakin ya yi duhu ya sake washewa. Maganin shi ne manhajar da ke ba da damar kulle komai da hannu. Blackmagic Camera kyauta ce, tana aiki a iPhone da wasu wayoyin Android, sai ku duba ko taku tana ciki. Ku zaɓi hoto 24 ko 25 a kowace daƙiƙa, ku tsaya a kansa har ƙarshen fim, ku sa saurin rufewar idon kyamara a 1/50, wato kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa. Wannan lambar tana da dalili biyu: tana ba motsi laushin da ido ya saba gani a fim, kuma a ƙasashen da wutar lantarkinsu take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tana hana fitilun ɗaki yin ƙyaftawa a hoto, inda wutar take sau 60 kuwa, sai a koma 1/60. Ku bar ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, a mafi ƙanƙanta da hasken wurin zai yarda, domin idon waya ƙarami ne, da an ɗaga shi hoton yake cika da ɗigo-ɗigo kamar yashi. A waje da rana, 1/50 zai sa hoto ya ƙone, saboda haka kuna buƙatar ƙaramin gilashi mai rage haske da ake maƙalawa a gaban idon wayar. Wannan da mariƙi mai ƙafa uku su ne abin da zan ce mai kyamara ya nema, kuma da su maganar rawa ta ƙare. Ku sa wayar a yanayin jirgin sama, ku goge idonta kafin kowace ɗauka, ku kuma sani cewa tana zafi idan ta daɗe tana ɗaukar 4K, don haka ku riƙa ba ta hutu a inuwa.

Cuta ta uku, wato komai ya fito tas, tana da alaƙa da ƙanƙantar idon, kuma ba za ta warke gaba ɗaya ba. Amma abin da ke sa hoto ya yi kama da fim galibi haske ne da zurfi. Ku janye ɗan wasa daga jikin bango, ku bar taku uku ko huɗu a bayansa. Ku kashe fitilar tsakiyar rufi, wadda take zubo haske daga sama ta sa ramin ido ya yi baƙi. Ku zaunar da shi kusa da taga ta yadda hasken zai zo daga gefe, ku rataya farin zanen gado a tagar idan rana ta yi kaifi, wani ya riƙe farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da ɗan haske kan kuncin da ke inuwa. Kada ku haɗa hasken taga da kwan fitila mai ruwan ɗorawa a fuska ɗaya, saboda a ma'aunin launin haske, hasken rana yana wajen Kelvin 5600, na tsohon kwan fitila na gida kuwa wajen 2700, kuma idan suka haɗu rabin fuska zai yi shuɗi rabi ya yi ja, ni kuma ba ni da yadda zan yi da shi. Matsalar taga ita ce rana tana tafiya, saboda haka ku fara ɗaukar faɗin ɗakin, sannan ku matso fuskoki, inda ake iya gyara haske da kwali ba a gane ba.

A nan zan ɗan saɓa wa Malama, da girmamawa. Fim na mutum biyu a ɗaki ɗaya yana da sauƙin kuɗi, amma yana da wahalar tacewa, domin babu inda mai tacewa zai gudu idan wasan ya yi rauni. Don haka ku ba ni abin yanka. Ku ɗauki fitowar takardar gaba ɗayanta daga nesa, ku sake ɗaukarta gaba ɗaya a kan fuskar yaya, ku sake a kan fuskar ƙanwa, har da lokacin da take saurare ba ta magana, sannan ku ɗauki hannuwa da takardar da ƙofa. Ku ja layi a zuci tsakanin su biyun, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin. Idan ta tsallaka, za su fito suna kallon gefe ɗaya kamar ba da juna suke magana ba. Wani ya riƙa ɗaukar hoton teburin da tufafinsu bayan kowace ɗauka. An taɓa kawo mini fim da kofi yake cike, ya koma rabi, ya sake cika a cikin daƙiƙa ashirin, kuma a ranar nunawa a nan ne 'yan kallo suka yi dariya, a tsakiyar maganar mutuwa.

Wajen tacewa, DaVinci Resolve, wato manhajar tace bidiyo, yana da nau'i na kyauta wanda ya ishe ku har gyaran launi da haɗa sauti, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi. Idan taku tana ja da baya, ku sa ya yi ƙananan kwafi na hotunan ku yi aiki da su, ko ku koma Shotcut ko Kdenlive, su ma kyauta ne. Wasu wayoyi suna canza adadin hotuna a daƙiƙa suna tsakiyar ɗauka, sai a ga sauti yana zamewa daga leɓe a hankali. Manhajar HandBrake tana mayar da fayil ɗin zuwa adadi tsayayye. Ku gwada duk wannan da ɗaukar minti biyu tun wannan makon, daga waya har zuwa fayil na ƙarshe. Kuma wani kaso na kuɗin ya tafi ga faifan ajiya na waje. Kowane dare a kwafe komai wuri biyu, faifan ya kwana a wani gida daban da kwamfutar, kuma kada a goge komai daga waya sai an buɗe kwafin an ga yana aiki.

Malama Mai Jan Biro ta rubuta:

Na karɓi gyaran mai tacewa, kuma shi ya sa na ce a ware mako guda ga gwaji da 'yan wasa. Zan ƙara abu biyu da ɗalibai suke mantawa sai ranar ƙarshe. Na farko kiɗa. Waƙar da kike so a wayarki tana da masu ita kashi biyu, wanda ya tsara ta da wanda ya mallaki naɗin, kuma cewa aikin makaranta ne ba ya zama izini idan kika ɗora fim ɗin a YouTube, inda tsarin Content ID yake gano waƙa ya rufe bidiyon ko ya juya kuɗin talla ga mai ita. Ki nemi ɗalibin kiɗa ya yi miki 'yan daƙiƙu da kayan kiɗa ɗaya, ku rubuta yarjejeniya, ko ki ɗauko wanda ke ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda mai aiki ke bai wa jama'a izinin amfani da shi bisa sharaɗi, ki karanta sharaɗinsa, domin wani yana buƙatar a ambaci mai shi kawai, wani kuma ya hana amfanin kasuwanci. A ganina ma labarinki zai fi kyau da ƙarancin kiɗa.

Na biyu takardun amincewa. Kowane ɗan wasa, har da mai muryar uwa, da mai gidan da za ku yi ɗauka a ciki, su sa hannu a takarda mai shafi ɗaya cewa sun yarda a nuna fim ɗin a makaranta da intanet da bukukuwan fina-finai. Idan wadda za ta fito a ƙanwa ba ta kai shekara 18 ba, iyayenta ne za su sa hannu, kuma babba daga gidansu ya kasance a wurin. Wannan zai yi miki amfani idan kika so tura shi gasa ta shafin FilmFreeway, kuma tsawonsa ba zai hana ki ba: gasar gajerun fina-finai ta Cannes a Faransa tana karɓar abin da bai wuce minti 15 ba, masu ba da kyautar Oscar kuwa suna kiran fim gajere idan bai wuce minti 40 ba. Sai dai wasu bukukuwan ba sa karɓar fim da aka riga aka saki a intanet, don haka kada ki yi gaggawar ɗora shi.

Ki kuma ware kuɗin abinci da na mota na 'yan wasa kafin komai, tunda ba biyan su za ku yi ba, ki faɗa musu sa'ar tashi, ki kuma tashi a sa'ar. Idan rubutun ya sauko shafi tara, ki liƙa fitowar takardar a nan, ina son in ga abin da ƙanwar take faɗa da farko bayan ta ajiye ta.